Baƙauye, Tubabbe da Baba ta Karo: Hoton Zaman Ƙauye a Rubutaccen Adabin Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun kaka da kakanni, mafi yawan Hausawa a karkara ake haihuwarsu, a can suke noma da aure, a can kuma ake rufe su. Amma ƙagaggen labarinmu na boko ba ɗan karkara ba ne. A Zariya aka yanke masa cibiya, a ofishin Hukumar Fassara, lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai a 1933, aka fara buga littattafan da suka yi nasara a 1934. Marubutan malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, masu karatun kuma 'yan makaranta ne waɗanda ake shiryawa domin aikin ofis da koyarwa. Saboda haka tun ranar farko akwai tazara tsakanin mai riƙe da alƙalami da mai riƙe da fartanya, ko da kuwa ciki ɗaya suka fito.

Bugu da ƙari, galibin littattafan wannan gasa labaran tafiya ne. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, kowannensu matafiyi ne, ko da son ransa ko bisa tilas. Shi kuwa matafiyi, ƙauye zango ne a wurinsa. Zai sauka a ba shi ruwa, ya kwana, da asuba ya ɗaura kaya ya wuce. Ba ya zama har ya san abin da ya rage a rumbun mai masaukinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda aka zana zaman ƙaramin ƙauye a cikin ayyuka uku: labarin baƙauye da 'yan birni na cikin Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da kuma tarihin rayuwar Baba ta Karo wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ayyukan biyu na farko daga waje suke hangen ƙauye, ɗaya yana yi masa dariya, ɗaya yana yi masa fatan alheri, alhali na ukun ne kaɗai ya yi magana daga cikin gida. Wannan bambanci ya shafi matarka da malamai, domin kuwa da hoton da muke koyarwa a aji ɗan ƙauye yake auna gidan ubansa.

2.0 Ma'aunin da Za a Yi Amfani da Shi

Idan muka ce ƙauye a nan, muna nufin ƙaramin mazauni wanda ba shi da ganuwa, ba shi da hakimi, sau da yawa ma ba shi da kasuwa tasa ta kansa. Gidaje ne kaɗan na dangi da surukai a tsakiyar gonakinsu, ƙarƙashin mai unguwa ko dagaci. Abubuwa biyu ne suke juya zama a irin wannan wuri, kuma da su za mu auna kowane matani.

Na farko shi ne lokaci. Shekarar manomi ba daidai take tafiya ba. Da bazara ake sassabe da kai taki, wasu su yi binne tun ruwa bai sauka ba, su bar iri a busasshiyar ƙasa suna jiran rahama. Idan ruwan shuka ya samu sai noman fari ya biyo, sannan maimai, kuma kwanaki kaɗan na jinkiri a nan suna iya rage amfanin shekara. Wanda bai zauna ƙauye ba yakan ɗauka rani ne lokacin wahala, saboda ƙura da bushewa. A gaskiya tsakiyar damina ta fi tsanani, wato lokacin marka, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ga aiki ya kai maƙura. Ganyen da yake burge baƙo a wannan lokaci, maigida yana kallonsa ne yana lissafin kwanakin da suka rage kafin yara su fara gasa tumu. Da kaka kuwa, a zamanin haraji, daidai lokacin da hatsi ya fi araha ake neman kuɗin kai, har zuwa 1979 da gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a jihohinsu.

Na biyu shi ne hakkin juna. A ƙauye kusan kowa ana binsa wani abu, shi ma yana bin wani. A tsarin gandu, 'ya'ya ko ƙanne suna yi wa maigida noma, shi kuma ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya bar musu gayauna su noma wa kansu. Wanda aka yi wa gayya bana, baɗi shi zai je ta wani. Matar da aka kawo wa gudummawar biki ta san ranar ramawa tana zuwa. Wanda ya ci falle da damina, da kaka zai biya da damman hatsi tun kafin su shiga rumbunsa.

Kada kuma a ɗauka wannan cuɗanya tana nufin kowa daidai yake da kowa. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, kudu da birnin Katsina, a 1967, wanda ta buga a 1972, ya kasa magidantan garin kashi huɗu bisa ga ƙarfinsu na ciyar da iyali. Ya nuna cewa na ƙasan sukan tafi ƙwadago gonar wani a daidai ranakun da tasu gonar take buƙatar noma, don su sami abin kai wa baka a ranar. Da kaka su girbe kaɗan, baɗi kuma su sake komawa ƙwadago. Talaucin ƙauye ke nan, yana da hanyar da yake bi ya maimaita kansa.

Tambayoyinmu ga kowane matani biyu ne ke nan. Shin ya san a wane wata yake? Shin ya san wa ke bin wa?

3.0 Baƙauye Abin Dariya

An buga Magana Jari Ce cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939, ta kuma daɗe tana cikin manhajar makarantu, don haka hotunan da ke cikinta sun zauna a zukatan zuriya bayan zuriya. A littafi na ɗaya akwai labarin wani baƙauye da waɗansu 'yan birni, inda suka raba shi da akuyarsa, suka raba shi da jakinsa, daga ƙarshe aka sa shi ya tuɓe ya shiga rijiya neman dukiyar da babu ita, aka gudu da tufafinsa.

Ta fuskar zubi da tsari, labarin ba shi da makusa. Hasara uku ce a jere, kowace ta fi ta baya ciwo, kuma kowace dabara a kan ta bayanta aka gina ta. Sai dai mu lura da inda aka tsayar da mai karatu. Yana ganin tarkon tun baƙauyen bai gan shi ba, wato yana tsaye ne a gefen ɓarayin yana kallo tare da su, ko da yake ba a nemi ya yarda da halinsu ba. Mu kuma lura cewa wannan baƙauye ba shi da ƙauye. Ba mu ga gonarsa ba, ba mu san wanda yake jiransa a gida ba. Sunan baƙauye a nan riga ce da aka sanya wa wauta.

Idan muka ɗora ma'auninmu, sai mu ga nauyin abin da aka bari. Jaki shi ne mai kai taki gona da bazara, mai kwaso dammai da kaka, mai kai hatsi kasuwa. Akuya kuwa ita ce asusun gida, ita ake sayarwa ranar ciwo ko ranar suna. Mutumin da ya rasa su rana ɗaya ya rasa shekara guda ko fiye. Labarin ƙauye na ainihi zai fara ne daga inda wannan ya tsaya, wato daga sa'ad da ya doshi ƙofar gidansa hannu rabbana.

Mai kare Imam zai ce, ai hikaya ce ta koyar da hankali, kuma sananne ne cewa ya ɗebo da yawa daga labaransa a adabin wasu al'ummu ya sanya musu rigar Hausa, don haka ba a neman hoton zahiri a wurinsa. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba mu zargin marubucin da gaza yin abin da bai yi niyya ba. Hasali ma harshen kansa kaifi biyu gare shi: kamar yadda ƙauyanci yake nufin rashin wayewa, haka ɗan birni yake nufin mayaudari, kuma Imam ya yi amfani da duka biyun. Abin da muke nunawa shi ne gadon da wannan riga ta bari. Ta wuce zuwa wasannin rediyo da talabijin, ta kai ga finafinan barkwanci da ake kira camama, waɗanda marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi fice a cikinsu. Wani lokaci baƙauyen fim yakan yi nasara da tasa dabarar, amma har yanzu yagaggiyar riga da karkataccen lafazi su ne ƙauyen, ba a cika tambayar abin da ya ci jiya ba.

4.0 Ƙauye a Matsayin Magani

Kitsen Rogo ya fito daga kamfanin NNPC na Zariya a ƙarshen shekarun 1970, kuma ba za a fahimce shi ba sai an tuna da zamaninsa. Farin 1972 zuwa 1974 ya karya manoma da makiyaya a arewacin ƙasar Hausa. A 1975 cuta ta lalata gyaɗa, wadda ita ce babbar hanyar kuɗin manomin Kano da Katsina. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika birane da gine-gine da babura. Samari suka yi ta kwarara birni, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa a 1976, tana kiran jama'a su koma gona.

Sunan littafin ya riga ya faɗi jigonsa, wato kallon kitse ake yi wa rogo. Tauraron, Ibrahim, ya bar ƙauye ya shiga birni, ya faɗa hannun ɓata-gari, ya ɗanɗana kuɗarsa, daga ƙarshe hanya ta mai da shi inda ya fito. Dole a yaba wa marubucin a kan abu biyu. Ya fitar da ƙagaggen labari daga duniyar aljannu da sarakunan da, ya kawo shi kan matsalar da ke gaban jama'a. Ya kuma ɗauki ɗan ƙauye a matsayin mutum mai buri da rauni, wanda ake jin tausayinsa, ba abin dariya ba. Wannan ci gaba ne babba idan aka kwatanta da abin da muka gani a sashe na 3.0.

Amma a irin wannan zubi, ƙarfin labari yana birni. A can ake samun rikici da haɗari da sababbin fuskoki. Ƙauye shi ne mafari da maƙura, kamar marfi biyu na littafi. Aikinsa shi ne ya zauna lafiya yana jira, domin tubabbe ya sami wurin komawa. Idan aka ba ƙauye nasa rikicin, darasin zai raunana, don haka jigon da kansa ne yake hana marubuci ya leƙa cikin rumbu.

Akwai abubuwa biyu da wannan zubi yake rufewa. Na farko, yana ɗora dalilin barin gida a kan ruɗin saurayi, alhali sau da yawa dalilin yana cikin gonar. Idan uba ya rasu aka raba gado, gonar da ta riƙe gandu ɗaya ba lalle ta riƙe gidaje biyar ba. Saurayin da gayaunarsa ba za ta yi masa kuɗin aure ba, lissafi ne ya fitar da shi. Na biyu, fita daga ƙauye ba baƙon abu ba ne a al'adar Hausawa. Cin rani tsohon tsari ne: bayan kaka namiji ya tafi wani gari da sana'arsa ko ƙarfinsa ko allonsa, ya rage wa rumbu baki ɗaya, ya dawo kafin ruwan shuka da ɗan abin da ya samu. Wato tafiyar tana daga cikin dabarun da suke riƙe ƙauyen. Abin da ya sauya a shekarun 1970 shi ne da yawa sun daina dawowa, kuma tambayar da ta dace ita ce me suka tarar a gida da ya sa komawa ta daina biya.

Tarihi ma bai bar hoton ƙauye mai kwanciyar hankali ya daɗe ba. An gama madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talatar Mafara, a 1978. Manoman da aikin ya ci gonakinsu suka yi ta neman diyya, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka murƙushe su, aka yi hasarar rayuka da yawa. A shekarar ce kuma gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da nata shirin bunƙasa noma. Wanda ake kira ya koma gona yana da hakkin ya tambaya ko gonar tana nan.

5.0 Baba ta Karo: Magana Daga Cikin Gida

An haifi Baba wajen 1877, ta tashi a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa, a kan iyakar ƙasar Kano da Zazzau. Zuriyarta Barebari ne manoma masu karatun allo. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana tsohuwa a Giwa, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma tana rubutawa, a lokacin da mijinta M. G. Smith yake binciken zamantakewar mutanen Zazzau. Baba ta rasu a 1951. Fassarar Ingilishi ta fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, matanin Hausar kuwa sai a farkon shekarun 1990 aka buga shi a Kano da sunan Labarin Baba. Wato kusan shekara arba'in Turawa suna karanta maganar wannan tsohuwa kafin jikokin tsararta su same ta da harshen da ta yi ta.

An saba ajiye wannan littafi a rukunin nazarin al'adu, a ɗebi bayanin aure da haihuwa da bori daga cikinsa. Ra'ayinmu shi ne ya cancanci a karanta shi a matsayin adabi, domin yana da murya, yana da zaɓin abin faɗa da abin bari, yana kuma da tsari nasa. Za mu kawo siffofi huɗu.

Siffa ta farko, Baba ba ta tsaya sifanta kyan karkara ba. Baƙo ne yake ganin shimfiɗar gonaki da faɗuwar rana. A wurinta wuri mutane ne: gidan wane, wanda ya auri wance, wadda aka ba riƙon wane. Mai karatu na yau yakan gaji da yawan sunayen dangi a farkon littafin, amma wannan jerin shi ne taswirar ƙauyen, kuma shi ne amsar tambayarmu ta biyu. Ta san wanda yake bin kowa, da abin da ake binsa.

Siffa ta biyu, ta buɗe ɓangaren da marubuta maza ba su shiga ba. A bakinta muke ganin ƙawance tsakanin mata a matsayin alkawari mai ƙa'idoji, da musayar kayan biki, da sana'ar cikin gida, da kunyar ɗan fari, da zaman kishiyoyi. Ta yi aure sau huɗu. Na farkon auren zumunci ne wanda ba shi ne zaɓin ranta ba, ta bi umarnin manya, daga baya ta nemi hanyar fita. Ba ta haihu ba, amma ta yi riƙon 'ya'yan dangi, ta zama uwa ta wannan hanya. Ba ta ba da waɗannan labarai da sigar kuka ko ta alfahari ba. Ta ba da su ne a matsayin mace wadda ta san dokokin wurinta, ta san inda suke da tsauri, ta kuma san inda suke da ƙofa.

Siffa ta uku, ƙauyenta ba wurin kwanciyar hankali ba ne. Ta tashi a zamanin hari, lokacin da jin labarin mahara yake sa mutanen ƙauye su bar gonaki su gudu cikin ganuwa. An kama 'yan'uwanta, dangi suka haɗa dukiya suka fanso su. A nan ma'anar rashin ganuwa take fitowa fili: ɗan ƙauye shi ne wanda yake kwana a waje idan an rufe ƙofar gari.

Siffa ta huɗu, ƙauyenta a buɗe yake. Aure da zumunci da gudun hari sun kai ta daga Karo zuwa Zarewa, har ta ƙare a Giwa. Malamai da fatake da makaɗa suna shiga suna fita cikin labarin. Katangar da ayyukan biyu na farko suka gina tsakanin birni da ƙauye, a nan ba ta da tsayi sosai.

Wajibi ne kuma mu faɗi iyakar wannan matani. Da fari, hannu biyu ne suka yi shi. Tambayoyin mai rubutawa sun yi tasiri a kan abin da aka faɗaɗa, ita ce kuma ta tsara babi-babi, don haka manazarci ya yi hattara kafin ya jingina kowane tsari ga Baba. Na biyu, Baba 'yar masu bayi ce. Danginta suna da rinji, kuma ta bayyana yadda bayi suke noman gandu sannan su juya ga nasu 'yan gonakin, da yadda da yawa suka watse bayan zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Ta faɗi wannan ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma daga zauren iyayengiji take kallo. Muryar wanda ya yi noman ba ta cikin littafin. Ashe ko a cikin ƙauye akwai na ciki, akwai na waje.

6.0 Matsayin Waƙoƙin Noma

Wani zai ce, ai giɓin da rubutu ya bari, makaɗan noma irin su Ɗan Anace sun cike shi. Lalle waɗannan waƙoƙi sun san lokaci, sun san kayan aiki, kuma a bakin gona aka haife su. Sai dai waƙar noma waƙar yabo ce da zuga. Gwarzonta shi ne sarkin noma, mai tara dammai har a yi maganar dubu, abokin hamayyarsa kuma shi ne rago. Tsakanin gwarzo da rago babu wurin mutumin da Polly Hill ta bayyana, wanda yake aiki tun safe har yamma amma a gonar wani. Idan waƙa ta ga rumbunsa wayam, lalaci za ta kira abin. Saboda haka adabin baka ya kawo mu cikin ƙauye, amma ya zaunar da mu a ƙofar gidan mai ƙarfi.

7.0 Kammalawa

Mun ga hotuna uku. A na farko ƙauye riga ce ta wawa, a na biyu asibiti ne na tubabbe, a na uku kuwa wurin zama ne na mutane masu lissafi, masu bin juna hakki, masu tsoro da dabara. Ba muna cewa a jingine Magana Jari Ce ko Kitsen Rogo ba ne, domin kowanne ya cika aikin da ya ɗauka, kuma Hausarsu abin koyi ce. Abin da muke nema shi ne a riƙa karanta su tare da Labarin Baba, a kuma koya wa ɗalibi ya tambayi kowane matani daga ina yake kallo.

Wannan buƙata ta ƙara ƙarfi saboda abin da ya sami karkara. Tun daga wajen 2011, satar shanu da garkuwa da mutane don kuɗin fansa suka addabi ƙauyukan Zamfara, suka bazu zuwa Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ƙauyuka da yawa sun tashi, mutanensu suka koma garuruwa, a 2019 kuma dubbai suka ƙetara zuwa yankin Maraɗi. Ɗalibin da ya karanta yadda dangin Baba suka gudu cikin ganuwa, suka haɗa dukiyar fansa, ba zai ɗauke shi tsohon labari ba. Wanda kuwa bai san ƙauye ba sai ta hanyar baƙauyen barkwanci, zai yi wuya ya gane girman abin da aka rasa idan aka ce ƙauye ya tashi: iri da aka adana, da gayya, da bashin biki, da kabarin iyaye.

Ga ɗaliban manyan digiri akwai aiki a nan iri biyu. Na ɗaya, a bi ƙagaggun labaran da aka buga daga 1980 zuwa yau, har da littattafan soyayya na Kano da finafinai, a auna su da tambayoyin nan biyu na lokaci da hakkin juna. Na biyu, a yi abin da Mary Smith ta yi, amma da hannunmu, kuma a faɗaɗa shi zuwa ga waɗanda ba a ji daga gare su ba: ɗan ƙwadago, da jikan bawa, da matar da mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, da tsohon da ya baro ƙauyensa yana zaune a gefen gari. Waɗanda suka ga farin 1973 da idonsu suna da ƙuruciya, yanzu sun manyanta, kuma ba za su jira mu har abada ba.